Jan karan dafi: littafin aikin bincikena a Wad Madani, daminar 2022

Lahadi, 14 ga Agusta

Dakta, malamin da ke duba bincikena, ya sa hannu a takardar aikina yau, bayan ya dawo mini da ita har sau uku. Sharaɗinsa ɗaya: in riƙa rubuta abin da ya faru kullum, har da wanda ya ɓaci. Littafin ɗakin gwaji yana can da Turanci, shi za a duba ranar jarrabawa. Wannan kuwa na ƙannena ne da ke Mai Wurno da Gadarif, masu tambayata duk Sallah wai karatun noma nake yi ko na likita, tunda kullum ina cikin farar riga amma hirata ba ta wuce dawa.

To ga shi. Akwai wata cutar dawa da ke zuwa da damina mai laima, ta yi wa ganye ɗigo-ɗigo masu jan baki, in ta yi ƙarfi ta shiga kara ta ruɓar da shi. Fumfuna ce ke kawo ta, sunanta a littafi Colletotrichum sublineola. Manomi na ganin jan nan sai ya ce ai cutar ce. Alhali jan na dawar ne, makaminta ne. Da zarar fumfunar ta fara huda fatar ganye, ƙwayoyin halittar wurin sai su shiga haɗa wasu sinadarai masu launi, apigeninidin da luteolinidin, su zuba mata. Irin wannan maganin da tsiro ba ya haɗa shi sai an taɓa shi, wasu Jamusawa biyu, Müller da Börger, su suka raɗa masa suna fitoaleksin a 1940, suna aiki a kan dankalin turawa. Na dawa kuwa Ralph Nicholson da mutanensa na Jami'ar Purdue a Amurka suka bayyana shi a 1987.

Tambayata ƙarama ce. Cikin iri huɗu wanne ya fi saurin fitar da jan, kuma enzayim biyun (furotin masu tafiyar da haɗa sinadarai a jikin mai rai) da ke tashi idan an kai wa tsiro hari, PAL da feroksidas, yaushe suke tashi. Iri uku na nan ne: Tabat, Wad Ahmad, da feterita daga hawashar Baba, wato gonarsa. Na huɗu karan dafi, in Kawu ya yarda ya ba ni.

Kuɗin hannuna fam 150,000 na Sudan. Rabi Baba ya ba ni, rabi na tara daga koyar da yara lissafi da yamma. Dala tana wajen fam 570, kuma duk wani sinadari da dala ake yi masa kuɗi.

Talata, 16 ga Agusta

Na aika sayayya Khartum. Metanol 35,000. Fenilalanin 20,000. Gwayakol rabin kwalba, mun raba da wani ɗalibi, 12,000. Takardar tacewa 9,000. Auduga, bilic, dankali, gulukos da ashana 6,000. Agar, garin da ke daskarewa a faranti a raini fumfuna a kai, Dakta ya ba ni daga kabad ɗinsa. Rana ɗaya 82,000 sun tafi, ko ƙwaya ban shuka ba.

Juma'a, 19 ga Agusta

Mai Wurno. Na tashi da asuba na bi motar Sinnar, na isa kafin masallaci.

Na tarar da Kawu a rumfarsa yana ɗinka kuben wuƙa. Baduku ne, kamar mahaifinsa. Ko bayan gaisuwa bai bar zaren daga bakinsa ba, ya ce, “Dakta, an ce iri kake nema. Noma za ka koma?” Na ce, “Kawu, rufa mini asiri, ban zama dakta ba tukuna. Karan dafinka nake so in auna.” Ya yi dariya har ya ajiye basilla.

Ya aika yaro ya ɗauko dami daga rufin ɗaki. Ba zangarniya ake so a wannan dawar ba, ɓawon nan da ke rungume da kara ake ɓarewa a shanya. Busasshe ne, ja mai duhu kamar jinin da ya kwana, kana murza shi ya kama yatsa. A gabana ya daka kaɗan a ƙaramin turmi, ya zuba ruwan toka, nan take ruwan ya rine. Ya jawo fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, ya tsoma tsumma ya goga sau ɗaya, sau biyu. A na uku fatar ta zama irin jan da muka tashi muna gani a jikin laya da takalmi. Na tsaya ina kallo kamar baƙo, don na san sunan abin da ke cikin ruwan nan: apigeninidin ne, shi ɗin dai da nake shirin kashe wata uku ina nema a ganye.

Na faɗa masa. Ya ce shi abin da ya sani, kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da irin nan suka taho a ƙulle a gefen zane, kuma tun yana yaro bai taɓa ganin layin karan dafi ya kwanta da cuta ba. Na rubuta maganarsa yadda ya faɗa. Layi uku yake shukawa a bayan gida, inda iska ke ratsawa, ba a tsakiyar gona ba, don haka ba zan ɗauke ta hujja ba. Amma ita ta sa gabana ya riƙa faɗuwa a mota.

Ya ba ni iri cike da gwangwanin madara, ya ƙi karɓar ko sisi. Da zan tafi ya ƙara da gargaɗin da na sani tun ina kiwo, kada in bar akuya ta ci tsiron. Wannan ma makami ne na dawa, wani daban: ƙaramin tsiro da gyauro suna ɗauke da durrin, wanda ke sakin gubar sayanaid idan an tauna. Sunan ma daga “dura” aka ciro shi, yadda Larabawa ke kiran dawa.

Mota da tsaraba 9,000.

Litinin, 22 ga Agusta

Ruwa ya yi ɓarna a Manakil, gidaje sun rushe ba adadi. Ɗalibai biyu na sashenmu sun tafi duba iyayensu. Babu wanda ya yi aikin kirki yau. Na wanke faranti 40 na shanya.

Alhamis, 25 ga Agusta

Ganyen cuta ya iso daga Gadarif a hannun direba, 2,000. Ƙanin Yaya ne ya tsinko a gonakin damina na can, inda laima ta fi ta nan.

Bari in gabatar da Yaya, don za ta yi ta fitowa. Ba cikinmu ɗaya ba. Bahaushiyar Gadarif ce, ta girme ni, tana digiri na uku a kan alamomin sankarar huhu a jini. Firiza ɗaya muke amfani da ita, da injin wulwula samfuri ɗaya. Ranar da na fara zuwa ta ji ina waya da Inna da Hausa, ta juyo ta ce, “Kai ɗan wane gari ne?” Tun daga ranar ta ɗora ni a layin ƙannenta, har da aike.

Na yayyanka bakin tabon ƙanana, na wanke a bilic mai kashi 1 cikin 100 na minti ɗaya, na ɗauraye sau uku da dafaffen ruwa, na jera a faranti 20 na agar ɗin dankali. Agar ɗin a tukunyar tururi na dafa shi, digiri 121, minti 15.

Laraba, 31 ga Agusta

Faranti 20, ko ɗaya ban tsira da shi ba.

Tun ranar Lahadi na ga alama, na yi ta ƙaryata idona. Goma sha ɗaya baƙar fumfunar nan ta albasa ta cinye su, Aspergillus, kana ɗaga murfi ƙura ta tashi. Shida wata mai gashi kamar audugar rimi ta cika su har ta ɗaga murfi, irin wadda ke kama kisira in ta kwana uku. Ukun da suka rage bakteriya ta malale su, ga wari. Wadda nake nema mai nawa ce wajen girma, kafin ta miƙe waɗannan sun gama rabon gado.

Laifin kashi uku ne, biyu nawa. Ganyen ya kwana biyu a leda cikin zafin mota, ya iso yana gumi, da ma a takarda na ce a naɗo shi. Na kuma yanka manya-manya don ina tsoron kada bilic ya kashe abin da nake so, sai na shigo da duk wani baƙo. Na ukun shi ne taga: akwatin aiki mai tace iska ya daɗe da lalacewa, a gefen fitilar sipirit nake yi, ranar kuma an yi iska.

Dakta bai yi faɗa ba. Ya ɗaga faranti ɗaya ya duba a haske, ya ce in daina roƙon fumfunar ta fito daga ganye, in sa ta ta kawo kanta. Wato in kwantar da ganyen a kan jiƙaƙƙiyar takarda a rufe kwana biyu, za ta fitar da ɗigon irinta a saman tabon, sai in ɗauka da bakin allura. Kwana shida da agar mai yawa sun tafi a banza.

Lahadi, 4 ga Satumba

Sabon ganye, wannan karon a cikin jarida. Na yi yadda Dakta ya ce. Na canza abinci zuwa agar ɗin hatsin oat, na sa ɗan kuloramfenikol saboda bakteriya. Na toshe tagar da tsumma. 3,000.

Talata, 6 ga Satumba

A ƙarƙashin gilashin ƙara girma tabon ya fito da baƙaƙen ƙayoyi tsaye kamar gashin bushiya, a gindinsu ɗan danshi mai ruwan hoda. Na ɗauka da allura na shafa a faranti 12.

Matsalar yanzu zafi. Fumfunar ta fi son wajen digiri 25 zuwa 28, ɗakinmu kuwa in wuta ta ɗauke sai ya zama tanda. Na ari dabarar Mohammed Bah Abba, malamin nan na Najeriya da ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Randa biyu na aro wajen mai shayin bakin ƙofa. Da damina sanyinta ba ya kai na rani, amma ta rage.

Litinin, 12 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Tara cikin 12 sun fito tsaf. Na ɗiga a gilashi na leƙa madubi: ƙwayoyin irin nan lanƙwasassu, masu tsini a kai biyu, sak lauje. Na kira Yaya ta leƙa. Ta ce, “Wannan ɗan abin ne ya hana ka cin abinci mako biyu?”

Alhamis, 15 ga Satumba

Jiya ba mu yi barci ba. Wuta ta ɗauke tun la'asar, har isha shiru. Ni abin da zan rasa kaɗan ne. Yaya kuwa ruwan jinin mutum 70 ke cikin firizar, wanda ta shekara tana tarawa, kowanne da takardar yardar mai shi. Wasu daga cikin masu jinin sun riga mu gidan gaskiya, ba a komawa a ce a sake ɗiba. Furotin kuma in ya narke ya sake daskarewa, awonsa ya tashi daga abin dogaro.

Muka yi karo-karo mu huɗu, 6,000 kowa, na hau raksha na nemo dizal a jarka. Janaretan ya ƙi tashi sai da Baba mai gadi ya hura matatar mai da bakinsa. Muka zauna a baranda muna gadin ƙararsa, Yaya ta hana kowa buɗe firizar ko don leƙe.

A zaman nan ne na fahimci aikinta sosai. Abu uku take aunawa. CEA, wanda Gold da Freedman suka gano a 1965 a sankarar hanji, yana kuma tashi a wasu nau'o'in ta huhu. CYFRA 21-1, ɓarɓashin wani furotin ne na jikin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanyoyin iska, yana zuba cikin jini idan suna mutuwa da yawa. Sai NSE, wanda ya fi tashi a nau'in nan mai ƙananan ƙwayoyi, mai saurin yaɗuwa, wajen kashi 15 cikin 100 na masu cutar. Ta ce a 2020 an ƙiyasta mutum miliyan 2.2 suka kamu a duniya, miliyan 1.8 suka mutu, kuma abin da ya sa lambobin biyu suka yi kusa haka shi ne yawanci ba a ganewa sai ta yi nisa. A ƙasashe irin namu ga ƙarin wata: mutum na tari yana ramewa, sai a fara ba shi maganin tibi, wata da watanni su wuce kafin a waiwayi wani abu. Shi ya sa ta kasa mutanenta uku, masu sankara, masu tibi, da masu lafiya, tana son ganin ko alamomin za su raba na farko da na biyu.

Na ce to ai an huta, a riƙa ɗibar jinin kowa. Ta harare ni. Ta ce CEA na tashi a mai shan sigari lafiyarsa lau. CYFRA na tashi in ƙoda ta gaza. NSE kuwa akwai shi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, in mai ɗiba ya ja sirinji da ƙarfi suka fashe, sai awo ya hau, ka tsorata bawan Allah a banza. Ta haska mini wata 'yar kwalba da tocin waya, ruwan ciki ya yi ja-ja maimakon ruwan ɗorawa. “Irin wannan takwas na zubar. Ka san yadda na sha wuya kafin in same su?”

Wuta ta dawo ƙarfe uku da rabi.

Lahadi, 18 ga Satumba

Na jiƙa iri, na naɗe a jiƙaƙƙiyar takarda kamar tabarma, na sa a kwali mai duhu. A duhu tsiron yana miƙa dogon wuya fari sol, a kansa ake fesa cutar, duk jan da ya fito ba ya ɓuya.

Yaya ta karɓe ledojin ta cire sunaye, ta rubuta A, B, C, D, ta sa makullin a ambulan ta manne ta jefa a jakarta. Ta ce wanda ya je Mai Wurno ya dawo yana rawar kai a kan karan dafi bai kamata ya san wanne yake aunawa ba. Na ji haushi. Gaskiya ta faɗa.

Alhamis, 22 ga Satumba

Na kankare iri daga faranti, na ƙirga a gilashin ƙirgar jini na Yaya, na daidaita miliyan ɗaya a kowace mililita. Rabin tsiron na fesa musu cuta, rabi ruwa zalla. Waɗannan na biyun malamanmu da Larabci “shahid” suke ce musu, shaida, kuma sunan ya dace. Na kunna musu fitila. Zan ɗiba a awa 0, 12, 24, 36 da 48, wato yau da gobe a nan zan kwana. Ƙanƙara 4,000.

Asabar, 24 ga Satumba

Wajen awa 24 na fara ganin ɗigo-ɗigo ruwan lemo a wuyan B, kamar an yayyafa barkono. Na yanko fatar na sa a madubi. Abin da Snyder da Nicholson suka bayyana a 1990 ga shi a gabana: 'yan ƙananan ƙullutu a cikin ƙwayar halitta, sun taru daidai inda fumfunar ke son shiga, wasu ba launi, wasu sun yi ja. Daga baya sukan fashe, su kashe ƙwayar da abin da ya shigo ta. Na daɗe a kan madubin har wuyana ya ƙage.

Feroksidas ya yi kyau. Ana zuba gwayakol da ruwan haidurojin feroksaid, ruwan ya fara komawa ruwan shayi a kan idonka, ina karantawa a na'urar awon haske a tsawon haske 470.

Litinin, 26 ga Satumba

PAL ya watse gaba ɗaya, kuma wautata ce.

Aikin enzayim ɗin shi ne ya cire ammoniya daga fenilalanin ya mai da shi asid ɗin sinamik, ƙofar da duk sinadaran nan masu launi ke bi kafin a ƙera su. Asid ɗin ba ya da launin da ido ke gani, a 290 ake karanta shi, cikin hasken da ya wuce ganin mutum. Na niƙa samfuri 40 a turmi mai sanyi, hannuna har ya mutu, na dafa su awa guda a digiri 40, na zo awo. Na'ura ta riƙa ba ni lambobin hauka, shaida da mai cuta da ruwa zalla duk sun haura sama sun maƙale. Na sake kunna ta. Na zargi fitilarta. Na zargi fenilalanin ɗin Khartum, har na fara shirya maganar da zan faɗa wa mai kantin.

Mai kula da ɗakin gwaji ya zo wucewa, ya zaro 'yar kwalbar awon daga na'urar, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Roba. Ya ce roba da gilashin gama-gari suna shanye hasken tun kafin ya kai ga samfurin, ƙasa da wajen 340 sai ta kwaz, wani gilashi na musamman da ke barin hasken ya wuce. Na san wannan. Na rubuta shi a jarrabawa shekara biyu da suka wuce, na ci maki.

Ta kwaz ɗin sashen guda biyu ce, ɗaya ta tsage, ɗaya tana kulle a ofishin wanda ya yi tafiya. Kafin a samo wata samfurina sun wuce amfani. Na yi odar guda, 28,000. Abin da ya rage a hannuna 16,000.

Ban gaya wa Baba ba.

Laraba, 28 ga Satumba

Ranar Yaya ce. Kwalin ELISA ɗaya, kayan awon alamomin nan a jini, ya ci mata sama da dala 300, ramuka 96, ba damar kuskure. Ta sa ni riƙe agogo. Da ta zuba ruwan ƙarshe ramukan suka fara shuɗi, wasu can-can, wasu kamar shunin Kano. Ta ɗiga asid, duk suka juye ruwan ɗorawa, ta kai na'ura a 450.

Ina jujjuya takardar kwalin sai idona ya faɗa kan sunan enzayim ɗin da ke kawo shuɗin. Feroksidas ne, na saiwar wani tsiro mai yaji da Turawa ke ci da nama. Dangin wanda nake bi a wuyan dawa ne, an ɗaure shi a jikin abin da ke kamo CYFRA. Na ce, “Yaya, ashe da kayan gonarmu kike aiki.” Ta ce in yi shiru tana ƙirga.

Lahadi, 2 ga Oktoba

Baba mai gadi ya same mu da safe, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Mutumin Sinnar ne, Bahaushe, ya haura sittin. Tun daren janareta nake jin tarinsa. Ya ce, “'Yata, an ce kina gane ciwon huhu a jini. Ki ɗebi nawa mana, in san inda nake.”

Yaya ta ba shi kujera, ta zauna a ƙasa da shi. Ta tambaye shi tun yaushe. Wata uku. Da jini? Wani lokaci. Sigari? Ya bari shekara biyar, bayan talatin yana sha. Ta ce, “Baba, in na auna na ce maka lafiya, ƙila na yi maka ƙarya. In na ce akwai abu, ƙila na tsorata ka a banza. Wannan awon yana taimakon likita ne bayan an ga abu a hoto, ko a bi yadda magani ke ci. Kai abin da kake bukata gwajin majina da hoton ƙirji, yau ba gobe ba.” Ya ce kuɗi. Ta ce gwajin tibi dai a fara da shi. Ta rubuta takarda, ta kira wata ƙawarta a asibiti, ni na tare masa raksha.

Da ya tafi ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce a ƙasashen da ke da hali hoton CT mai ƙaramin haske ake yi wa tsofaffin mashaya sigari, babban gwajin Amurka na 2011 ya nuna yana rage mutuwa da kashi 20 cikin 100. Sai ta tashi ta hau wanke kwalabe, waɗanda na riga na wanke.

Lahadi, 9 ga Oktoba

Hutun Mauludi ya wuce, na kai wa yaran gidanmu alewa. Kwalbar kwaz ta iso, na naɗe ta a auduga na sa a gwangwanin Kawu. Zagaye na biyu ya shiga duhu ranar Laraba, yau na fesa. Dizal kuma 6,000.

Alhamis, 13 ga Oktoba

PAL ya karantu. A duk iri huɗun masu cuta sun ɗara shaidunsu, kuma tashinsa na riga fitowar launi, yadda ya kamata. A B ya fi saurin tashi, zagaye biyu ke nan B na riga kowa ja. A kuwa sai wajen awa 36, kuma a madubi zaren fumfunar ya riga ya tsallaka ƙwayoyi da yawa kafin jan ya iso. Daga ƙarshe A ma ta yi ja sosai, har ta fi B a awa 48, sai dai ihu ne bayan hari.

D ce ta dame ni. Shaidarta ma ta yi ja, wadda ruwa kawai na fesa wa. Na farko na ɗauka hannuna ne ya kai mata cuta, amma a madubi babu ko zare ɗaya. Dakta ya ce in daina karanta lamba ɗaya, in bi tsawon hasken duka. Na jiƙa a metanol mai asid na bi daga 400 zuwa 600. Mai cuta ta yi tudu a wajen 480. Shaidar ta yi nata a wajen 530. Ja biyu ne daban. Na 530 antosayanin ne, irin na zoɓo, haske kawai ke sa wasu irin dawa su fitar da shi. Da na tsaya a ido, ko a lamba ɗaya, da na rubuta cewa D ta fi kowa kariya.

Ina zargin D ce karan dafi. Na faɗa wa Yaya, ta ce zargi ba ya buɗe ambulan.

Talata, 18 ga Oktoba

Sakamakon Baba mai gadi: tibi ce. Ban taɓa ganin an yi murna da tibi ba sai yau. An ɗora shi a magani na wata shida. Yaya ta ce masa ko ya ji sauƙi kada ya yanke, kuma in wata biyu suka wuce tarin bai lafa ba a koma hoto, don shekara talatin na sigari ba a manta da su. Ɗansa ke riƙe masa gadin.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Na sayi farantin TLC biyar, na rarrabe sinadarai, 15,000, don in raba apigeninidin da luteolinidin. Ya zama dole, saboda binciken da aka yi a baya ya nuna irin da ke jure cutar ya fi tara luteolinidin, wanda ya fi ɗan'uwansa dafi a kan fumfunar. Rinin Kawu kuwa yawancinsa apigeninidin ne. Tsantsar sinadarin da ake gwadawa da shi ya fi ƙarfin aljihuna, don haka ruwan rininsa zan ɗiga a gefe ya zame mini ma'auni na ɗayan.

Lissafi: 155,000. Na haura da 5,000, Yaya ta ranta mini zuwa ƙarshen wata.

Abin da ke gaba: zagaye na uku ranar Laraba. In ya bi sawun na biyu, a buɗe ambulan a gaban Dakta. Bayan nan a koma tukwane, a gwada a ganyen tsiro mai mako uku, don wuyan da ya girma a duhu ba gona ba ne. Ina kuma son gwada feshin asid ɗin salisilik kafin cuta, tunda tun 1979 aka nuna asfirin na tada kariyar ganyen taba, amma wannan sai kuɗin yara na Nuwamba ya shigo.

Kawu ya kira da yamma. Ya ce an fara girbi, ya ware mini dami guda na bana, in zo da buhu. Ya tambaya ko dawarsa ta ci jarrabawar. Na ce takardar tana jakar Yaya. Ya ce in gaishe ta, in kuma tambaye ta lambar takalminta.